Tsatson Uwa: Labarin Wata Zuriya Da Ta Ƙetaro Hamada

Garin Fakku yana cikin ƙasar Kebbe, kudu da Tambuwal, a bakin Gulbin Ka. Idan rani ya yi, ciyawar tudu ta bushe, Fulani makiyaya sukan gangaro da shanunsu zuwa fadamun gulbin, su kafa ruga kusa da gonakin Hausawa. Da hantsi sai a ga matansu sun shigo gari ɗauke da ƙoren nono da man shanu, su sayar, su sayi hatsi da gishiri, su koma. Wannan abu an saba ganinsa tun kaka da kakanni, har ba mai tsayawa ya yi tunani a kansa.

To, da za a tsai da ɗaya daga cikin matan nan a tambaye ta asalinta, sai ta ba da labarin ubanta, da kakanta, da dangin da suka fito. Amma in aka ce ta lissafa uwarta, da uwar uwarta, da uwar waccan, da ƙyar za ta wuce uku ko huɗu. Haka kuma abin yake ga manomin da ya sayi nonon. A ƙasashen nan salsalar uba ake riƙewa. Ta wajen uba ake gadon sarauta, da sana'a, da zanen fuska. Uwa kuwa, da an yi jikoki da tattaɓa kunne sai sunanta ya ɓace.

Duk da haka harshen Hausa bai manta da ita ba. In Bahaushe yana son ya faɗi waɗanda suka fi kusa da zuciyarsa sai ya ce 'yan'uwa, watau 'ya'yan uwa ɗaya. In ya ce 'yan uba kuwa, kowa ya san gasa da kishi yake nufi. A zamanin nan masana sun gano cewa salsalar uwa, wadda baki ya manta, a rubuce take cikin jikin kowane mutum. Wannan labari na wani reshe ne guda na salsalar nan, wanda ba shi da yawa a duniya, amma ana samunsa cikin Fulani.

Gadon Da Ba A Rabawa Gaban Alƙali

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da waɗansu 'yan ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina soro da tubali. Ido ba ya iya ganinsu sai da madubin likita. A cikin ƙwayoyin nan akwai waɗansu abubuwa da suka fi su ƙanƙanta, masana na kiransu mitokondiriya. Aikinsu kamar na murhu ne, su ne ke juya abincin da mutum ya ci ya zama ƙarfin jiki. Kowane murhu yana ɗauke da wani ɗan rubutu nasa na kansa, irin rubutun halitta da ake kira DNA. Haruffan rubutun iri huɗu ne kawai, ana ta maimaita su. A shekarar 1981 waɗansu masana a Kambirij, cikin Ingila, suka karance shi tun daga farko har ƙarshe, suka tarar harafi 16,569 ne.

Abin mamakin shi ne, sauran rubutun halittar mutum rabi daga uba yake, rabi daga uwa, amma na murhun nan daga uwa kaɗai ake samunsa. Uwa takan ba 'ya'yanta duka, maza da mata. Ɗa namiji ya riƙe nasa har ya mutu, ba ya ba kowa. 'Ya mace ita ce ke miƙa wa nata 'ya'yan. Saboda haka in mace ta haifi maza zalla, layinta ya tsaya ke nan, ko da jikokinta sun cika gari.

Rubutun nan kuwa ana juyarsa daga uwa zuwa 'ya kamar yadda almajirai ke juyar littafi da hannu. A ce wani malami a Tambuwal ya juyi littafi, alƙalaminsa ya zame, ya sauya harafi guda. Duk almajirin da ya juya daga nasa zai ɗauki wannan sauyi, haka kuma almajiran almajiransa. Bayan shekara ɗari, in aka tara littattafan aka gwada, za a iya ware waɗanda suka fito daga hannun malamin nan, ko an same su a Gwandu ko a Yawuri. To, haka rubutun uwa yake. Jefi-jefi, bayan dubban shekaru, harafi guda yakan sauya, ya zama shaida ga dukan zuriyar matar da abin ya faru a jikinta. Da yawan sauye-sauyen ne masana ke kimanta shekarun da suka wuce tun da rassa biyu suka rabu.

Itacen Zuriya

A shekarar 1987 masana uku na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson, suka gwada rubutun uwa na mutum 147 daga sassan duniya dabam-dabam. Suka ga dukansu suna komawa ga mace ɗaya, wadda ta zauna a Afirka kimanin shekara 200,000 da suka wuce. Mutane suka yi mata laƙabi da Hauwa'u, amma laƙabi ne kawai. Masanan ba su ce ita ce macen farko ba. A zamaninta akwai waɗansu mata da yawa, sai dai layinsu na 'ya'ya mata ya yanke a hanya, nata ya ɗore.

Daga gare ta itacen ya yi rassa, masana suka ba kowane reshe harafi da lamba don a gane shi. Manyan rassa na gindi duka da harafin L suka fara, kuma a Afirka suke. Ɗaya daga cikinsu, mai suna L3, shi ne waɗansu 'ya'yansa suka fita daga Afirka ta wajen gabas, kimanin shekara 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce. Daga waɗannan mafita ne Larabawa, da Turawa, da Indiyawa, da mutanen Sin suka sami tsatsonsu na uwa. Cikin jikokin da aka haifa can waje akwai reshen U, shi kuma ya haifi U5.

Reshen U5 yana cikin mafi daɗewa a ƙasar Turai. An same shi cikin ƙasusuwan mutanen da aka binne a ƙasar Cek fiye da shekara 30,000 da suka wuce. Mutanen nan mafarauta ne, ba su san noma ba, ba su san kiwo ba. A shekarar 1903 kuma aka tono ƙasusuwan wani mutum a wani kogo na Cheddar cikin Ingila, wanda ya rayu kimanin shekara 10,000 da suka wuce, shi ma ɗan reshen nan ne. Da aka bincika sauran halittarsa, a 2018 masana suka ba da labari cewa alamu sun nuna fatarsa mai duhu ce. Wannan ya isa ya nuna cewa reshen uwa dabam, launin fata dabam.

Zamanin Ƙanƙara

Kimanin shekara 20,000 da suka wuce duniya ta yi wani irin sanyi wanda hunturun da aka sani a ƙasar Hausa bai kai ko kusa da shi ba. Ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, ba ta narkewa rani da damina. Namun daji suka gudu kudu, mafarauta suka bi su. Da yawa suka fake a kudancin Faransa da arewacin Sifen, ƙasar da Larabawa daga baya suka kira Andalus. Suka zauna cikin kogunan duwatsu shekaru dubbai, har suka bar zanen dawaki da ɓauna a jikin bangon kogunan.

Sa'ad da duniya ta fara ɗumi, ƙanƙara ta ja da baya, sai zuriyarsu suka watsu. A cikinsu aka haifi wata yarinya da harafi ya sauya a rubutunta, ta zama uwar ƙaramin reshen da ake kira U5b1b. Ba wanda ya san sunanta, ita ma ba ta san tana ɗauke da wata shaida ba. Ta yi zamanta, ta haifi 'ya'ya mata, ta mutu.

Labarinta bai fito ba sai a 2005. A shekarar nan Alessandro Achilli da Antonio Torroni, na Jami'ar Pavia a Italiya, tare da abokan aikinsu, suka bayyana wani abu da ya ba masana mamaki. Sun tarar reshen nan ya haɗa waɗansu al'ummu da ba wanda ya taɓa zaton akwai zumunci tsakaninsu. Na farko su ne Sami, mutanen can ƙuryar arewacin Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha, inda rana kan yi makonni ba ta faɗi ba a lokacin zafinsu, masu kiwon wata irin barewa mai ƙaho da rassa. Kusan rabin Sami 'yan reshen nan ne. Na biyu su ne Barbar na Afirka ta Arewa. Na uku kuwa Fulani ne na ƙasar Sanagal. Masanan suka kimanta cewa uwar da ta haɗa su ta rayu kimanin shekara 9,000 da suka wuce.

Tsakanin ƙasar Sami da Sanagal akwai tafiyar kimanin mil 4,000. In kuma aka ɗauka kowace mace takan haifi 'yarta tana da shekara 25, to, shekara 9,000 uwaye 360 ke nan a jere. Kowace ɗaya cikinsu sai da ta tsira daga yunwa da cuta da wahalar haihuwa, ta kuma sami 'ya mace da ta rayu. Da ɗaya tak ta kasa, da layin bai iso ba.

Ƙetare Teku Da Hamada

Tsakanin Sifen da Maroko teku ta tsuke ƙwarai a mashigin Jabal Tariƙ, faɗinta bai kai mil 10 ba, har mutum na iya tsayawa a wannan gaɓa ya hango waccan. Masana sun fi ƙarfafa cewa ta wannan wajen zuriyar matar nan suka shigo Afirka, suka gauraya da kakannin Barbar. Kada mai karatu ya rikita Barbar da Barebari na Barno. Barbar su ne mutanen asali na Maroko da Aljeriya da Tunis da Libiya tun kafin zuwan Larabawa, kuma Buzayen Azbin da ke kawo gishiri da dabino ƙasar Hausa reshensu ne.

Mai karatu zai ce, to, yaya aka yi suka ƙetare hamada? Amsar ita ce, a wancan zamani ba hamada. Daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, inda yau rairayi ne zalla, ciyawa ce da tabkuna da koguna. Shaidu suna nan. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, a shekarar 2000 aka gano wata tsohuwar maƙabarta a bakin busasshen tabki, tare da ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye. A Dufuna, cikin Jihar Yobe, a 1987 wani Bafillace yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale wanda ya kai shekara 8,000. A duwatsun Tassili na Aljeriya kuwa akwai zane-zanen garkunan shanu da makiyayansu, har shahararren malamin nan Bafillace na Mali, Amadu Hampate Ba, ya ce ya gane waɗansu al'adun Fulani a cikinsu.

Da ruwan sama ya ragu, tabkuna suka ƙafe, makiyaya suka kora shanunsu kudu, wajen Kogin Kwara da Kogin Sanagal, suka tarar da mutanen da ke can, aka yi auratayya. Hulɗa tsakanin arewa da kudu kuwa ba ta yanke ba ko bayan bushewar ƙasa, gama ayari bai daina ratsa hamada ba. A 2017 waɗansu masana na birnin Firag da abokan aikinsu suka ƙara bin diddigin abin. Suka tarar Fulani na da wani reshe kuma, H1cb1, wanda kusan a cikinsu kaɗai ake samunsa, shekarunsa sun yi daidai da zamanin da makiyayan farko suka sauka ƙasashen da ke kudu da hamada. Ƙaramin reshen da Fulani suka haɗa da Barbar kuwa, watau U5b1b1b, bai kai wancan daɗewa ba. Ana ganin daga baya ya shigo. Ashe ba sau ɗaya matan arewa suka shigo cikin rugagen makiyaya ba.

Daga Futa Zuwa Ƙasar Sakkwato

Daga nan labari ya shigo zamanin da aka rubuta. Fulani sun yi ƙarfi a Futa Toro, a bakin Kogin Sanagal, inda daular Takrur ta karɓi Musulunci tun ƙarni na 11. Daga can suka yi ta matsowa gabas sannu sannu, suna bin ciyawa da ruwa, ta Masina, har ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ambaci zuwansu daga Mali da littattafai a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463. Musa Jakollo ya kawo jama'arsa Toronkawa suka sauka Ƙonni, daga zuriyarsa aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta cikin 1754. Fulanin ƙasar Kabi kuwa, a zamanin jihadin da aka fara a 1804, shugabansu Moyijo ne na Yabo. Bayan an ci nasara, Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal yana tsaron wannan gefe na kudu.

Malaman Sakkwato, irin su Abdullahin Gwandu, da Sarkin Musulmi Bello, da Waziri Junaidu cikin littafinsa Tarihin Fulani, sun kawo labarin cewa wani Balarabe mai suna Uƙuba ya auri 'yar sarki, ana ce da ita Bajjomangu, daga gare su Fulani suka fito. Hausawa ma suna da irin wannan, na Bayajida da ya zo daga gabas ya auri Magajiyar Daura. A labaran nan biyu baƙon namiji ne, shi aka fi tunawa. Rubutun jiki bai zo don ya yi gardama da malamai ba, gama layin uwa kaɗai yake bi. Abin da ya ƙara shi ne, mata ma sun yi tafiya, tasu kuwa ta fara tun dubban shekaru kafin a haifi Uƙuba.

Abin Da Lissafi Ya Nuna

To, kada wani ya ji wannan labari ya ce ashe Fulani Turawa ne, ko kuwa baƙi ne a ƙasar nan. Lissafi bai yarda da haka ba. A 2006 Viktor Cerny na birnin Firag da abokansa suka gwada Fulani makiyaya 186 a Cadi da Kamaru da Burkina Faso. Suka tarar kusan 80 cikin 100 tsatsonsu na uwa na Afirka ta Yamma ne, rassan L, irin waɗanda ake samu cikin maƙwabtansu manoma. Rassan da suka fito daga ƙetaren hamada, in an haɗa su duka, kimanin 8 ne cikin 100, reshen U5 kuwa wani yanki ne kawai na takwas ɗin nan.

Sa'an nan kuma tsatson uwa zare ɗaya ne cikin saƙa. Kowane mutum yana da iyaye 2, da kakanni 4, da iyayen kakanni 8. In aka koma baya hawa goma sun zama 1,024. Rubutun murhun nan daga mace ɗaya tak cikinsu ya zo. Saboda haka ba ya iya faɗin ƙabilar mutum, ko halinsa, ko darajarsa.

Har wa yau, a ƙasashen nan amarya ita ke tashi ta koma gidan miji. In Bafillata ta auri Bakabe ko Bazamfare, 'ya'yanta Hausawa ne, da Hausa za su tashi, zanen ubansu za a yi musu, amma tsatsonta suke ɗauke da shi. In Bafillace ya auri Bahausa, 'ya'yansa Fulani ne, tsatsonsu na uwa kuwa daga cikin gari ya fito. An yi ɗaruruwan shekaru ana wannan a ƙasar Sakkwato, a fada da ƙauye. Don haka yana yiwuwa a sami manomi wanda bai san ko kalma ɗaya ta Fulatanci ba yana ɗauke da reshen da ya ƙetaro hamada, makiyayin da ke jayayya da shi a kan burtali kuwa tsatsonsa na uwa ɗaya ne da na matar manomin.

Amfanin Wannan Labari

Tun daga wajen 2011 fitina ta yi tsanani a Zamfara, ta kuma taɓa ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. An yi hasarar rayuka da dukiya, manoma da makiyaya duka sun ɗanɗana. A irin wannan lokaci ne akan ji mutane suna cewa su wane ba 'yan ƙasa ba ne, su wane jininsu dabam ne. Ɓarnar gona da satar shanu laifi ne, kuma akwai hukuma da alƙali dominsu. Amma maganar jini ba ta da tushe. Wanda ya ce zai raba Bahaushe da Bafillace ta wajen tsatson uwa, ya ɗauko aikin tsince gero daga cikin rairayi.

Addini ya riga ya koyar cewa mutane duka tushensu ɗaya ne, kuma fifiko ba da asali ake samunsa ba. Ga shi masu madubin likita sun bi tasu hanyar, sun iso wuri guda. Kakannin kowa sun yi ƙaura, waɗansu da wuri, waɗansu daga baya, kuma a kowane zango an ba da 'ya, an karɓi 'ya.

Abin da ya kamata ga wanda Allah ya ba sanin karatu da rubutu shi ne ya sami takarda, ya je wurin tsofaffin gidansu tun suna da rai, ya tambayi sunan uwar uwarsa, da garin da aka auro ta, da na uwarta, iyakar abin da za a iya tunawa, ya rubuta ya ajiye wa 'ya'yansa. Zai yiwu ya tarar kakarsa ta uku daga ruga ta fito, ko kuwa daga garin da yake yi wa kallon na abokan gaba. Uwaye 360 sun wuce ba a san sunan ko ɗaya ba, don ba mai rubutawa a zamaninsu. Yanzu kuwa akwai alƙalami a Fakku, akwai a Kebbe da Tambuwal.

Allah ya jiƙan iyaye mata, ya ba ƙasa zaman lafiya. Amin.